Darasin Kimiyya: Rainon Kwikwiyo Daga Haihuwa Zuwa Wata Shida

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan kwikwiyo ne: yadda jikinsa ke girma daga ranar haihuwa zuwa wata shida, abin da ke kashe shi, da abin da zai iya ɗaukowa ya kawo wa mutanen gida. Na zaɓi wannan darasi ne domin na san da zarar kaka ta yi, aka fara ɗaure dammunan gero da dawa ana kaiwa rumbu, wasunku za su matsa wa Baba lamba ya bar su su ɗauko ɗan kare daga maƙwabta. A nan Dawanau da ƙauyukan da ke zagaye da ita cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, gida na jikin gida, gona na jikin gona. Karen da ka raina zai bi ta ƙofar maƙwabci, zai gamu da ƙannenka, da almajirai, da 'yan talla, da awakin mutane. Rainonsa ya shafi unguwa duka, kuma wanda zai yi shi a karon farko ya fi kowa buƙatar sanin abin da yake yi.

Ga magana ɗaya a kan addini, don na san za ku tambaya. Hadisai ingantattu sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, sun yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, sun kuma ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Bayanin hukunce-hukuncen na malaman fiƙihu ne, sai ku koma gare su. Abin da ya shafe mu a wannan aji shi ne, dabbar da ka ɗauko da hannunka ka kawo gida ta zama amana a wuyanka, kuma ba a riƙe amana da jahilci.

Wace irin halitta ce kare?

Kare dabba ce mai shayarwa, dangin dila da kyarkeci. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa daga kyarkeci karnukan duniya suka samo asali, kuma kare ne dabbar farko da ɗan Adam ya saba da ita, tun kafin akuya da tunkiya da saniya, tun kafin a fara noma. A ƙasar Jamus, kusa da birnin Bon, an tono wani kabari mai shekara kusan 14,000 inda aka binne kare tare da mutum biyu. Wannan doguwar zama da mutane ta sauya har cikinsa. A shekarar 2013 masu bincike na jami'ar Uppsala da ke Suwidin sun nuna cewa kare ya fi kyarkeci yawan ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci. Abin da ya sa karen gidanku ke cin tuwo ya zauna masa lafiya ke nan. Amma ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: iya narkar da tuwo daban, rayuwa a kan tuwo kaɗai daban.

Da hanci kare ke sanin duniya. Mutum na da ƙwayoyin jin wari kimanin miliyan 6 a hancinsa, na kare sun haura miliyan 100, a wasu irin har miliyan 300. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, na kare yana jin fiye da ninki biyu na haka. Idan ya yi haushi da tsakar dare kai ba ka ji komai ba, sau da yawa ya ji abin da kunnenka bai kai ba ne. Idonsa kuwa shuɗi da rawaya yake rarrabewa sosai, ja da kore suna rikice masa.

Ga wanda zai fara, shawarata ita ce ya nemi karen gida, irin namu mai gajeren gashi da siririn jiki. Jikinsa ya saba da zafinmu da abincinmu. Dogayen karnukan farautar Buzaye da ake kira Azawak, da sunan yankin da ke tsakanin Nijar da Mali, su ma 'yan wannan yanayi ne. Karen ƙasashen sanyi mai yawan gashi kuwa wahala yake sha a bazarar Kano, kuma kuɗin kula da shi ya fi ƙarfin ɗalibi.

Makonni takwas na farko: wurin uwarsa

Cikin karya kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari. Ana haifar kwikwiyo ido a rufe, kunne a toshe. Da ɗumi da wari kawai yake laluben nono. Idon yana buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunne ya biyo baya kaɗan. Kada kowa ya ɓamɓare idon da yatsa don gaggawa. A waɗannan kwanaki ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwar ta lashe cikinsa. Ba ya kuma iya riƙe ɗumin jikinsa. Zafin jikin babban kare digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salshiyos, ya ɗara na mutum, amma na jaririn kwikwiyo bai kai haka ba, kuma da an raba shi da uwa da 'yan'uwa sai ya sauka. Shi ya sa waɗanda aka haifa da hunturu suke mutuwa da yawa idan an bar su a fili. Tsohon buhu ko tsumma a lungun da iska ba ta bugawa ya isa ya cece su.

Abu mafi daraja da kwikwiyo zai sha a rayuwarsa shi ne dakashi, nonon farko mai kauri da ke zuwa bayan haihuwa. A cikinsa akwai sinadaran garkuwa da jikin uwar ya ƙera don yaƙar cututtukan da ta taɓa gamuwa da su ko aka yi mata allurarsu. Hanjin jaririn yana iya shigar da waɗannan sinadarai cikin jini ne a kwana ɗaya na farko kawai, bayan nan ƙofar ta rufe. Wannan garkuwa kamar guzuri ce da uwa ta ɗaure wa matafiyi: tana kai shi wani zango, amma tana raguwa kullum, kuma tsakanin mako 6 zuwa 16 take ƙarewa. Ku rubuta wannan, domin shi ne mabuɗin fahimtar allurar riga-kafi.

Kwikwiyo mai lafiya yana ninka nauyinsa cikin kwana goma na farko. A mako na uku haƙoran nono ke fara fitowa, guda 28, ya fara tafiya da wasa da lasar abinci mai ruwa-ruwa. Yara da yawa a nan suke kuskure: da sun ga ya fara cin abinci sai su ɗauke shi. Kada ku raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8. A wasan kokawa da 'yan'uwansa yake koyon ƙarfin cizo: in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, in ya matsa wa uwar ta tsawata masa. Wanda aka ɗauke yana da mako huɗu bai samu wannan karatu ba, kuma irinsa ne ya fi zama mai firgita da saurin kai cizo.

Ranar zaɓen kwikwiyo, ku duba uwar tukun. In tana da lafiya da natsuwa, alama ce mai kyau. Sannan ku ɗaga leɓen kwikwiyon ku dubi dasashinsa. Ya kamata ya zama ja-ja mai haske. In ya yi fari, jini ya yi masa ƙaranci. Ku duba ido da hanci babu kwantsa ko majina, gindin wutsiya babu alamar zawo, ciki bai yi tulu ba alhali haƙarƙari na waje.

Abinci, ruwa da guba

Cikin kwikwiyo ƙarami ne, girmansa kuwa da sauri yake. Daga mako 8 zuwa wata 3 a ba shi abinci sau huɗu a rana, zuwa wata 6 sau uku, bayan nan sau biyu. Tuwo da aka dama ya yi laushi yana ba shi ƙarfi, amma nama da ƙashi ba sa ginuwa da sitaci. Yana buƙatar furotin: dafaffen ƙwai, dafaffen nama, kifin da aka cire wa ƙaya, wake ko waken suya da ya dahu lugub. Yana kuma buƙatar kalsiyam, wanda ya yi ƙaranci a hatsi da tsokar nama. Kwikwiyon da aka raina da tuwo zalla shi ne kuke gani da ƙafafu a bauɗe da laushin ƙashi. Ɓawon ƙwai da aka dafa, aka busar, aka daka ya zama gari, ɗan kaɗan a cikin abinci, yana cike wannan giɓi.

Ragowar miyar gida ba abincinsa ba ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe. Goro da shayi da kofi da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke sa zuciyarsa bugu da sauri har ya kai ga farfaɗiya, domin jikinsa ba ya fitar da su da wuri kamar namu. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu da yawa tana sa shi zawo. Ɗanyen kayan ciki daga wurin mahauta, musamman huhu ko hanta mai ƙulli da ruwa a ciki, yana sa masa wata ƙaramar tsutsa da ƙwanta ke fita ta kashinsa ya kama mutum da tumaki. A dafa kafin a ba shi. Kuma kada wanda ya ba kare farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane don tausayi. Irin wannan tausayi ya kashe karnuka da yawa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu fiye da sauran garuruwa. Muna zaune ne a gefen kasuwar hatsi ta Dawanau, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma inda hatsi yake, nan ɓera da ƙwari suke, nan kuma gubarsu take. Shinkafar ɓera, da fiya-fiya, da ƙwayar da ake sawa cikin buhun wake da masara don kashe ƙwari, duk suna cikin gidajenmu da shagunanmu. Kwikwiyo da baki yake bincike. Ƙwayar buhu, da wani nau'in maganin ɓera, idan suka haɗu da ruwan ciki suna fitar da iska mai guba, har aman karen ma haɗari ne ga wanda ya shaƙa, don haka a fitar da shi fili. Wani nau'in kuma hana jini daskarewa yake yi, ba a ganin alama sai bayan kwana uku zuwa biyar, jini na zuba ta ciki. Wannan yana da makari, wani nau'in bitamin K, in an kai da wuri. Manja da madara da ake ɗura wa dabba ba makarin guba ba ne. Ku ɗauki kwalin ko kwalbar maganin ku tafi da ita wurin likitan dabbobi, don sanin irin gubar shi ne rabin magani.

Akwai wata gubar da ba a sayarwa a kwalba. Masara da gyaɗar da suka sha danshi suka yi fumfuna suna iya ɗaukar aflatoksin, guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Kare na cikin dabbobin da ba sa jure ta. Mutum ma bai tsira ba: a shekarar 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Hatsin da aka share daga ƙasan shago don ya lalace, aka ce a ba kare, a binne shi ya fi.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Kare ba ya gumi ta fata kamar mu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jiki: ruwan harshe da maƙogwaro ya bi iska ya tafi da zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kwikwiyon da aka ɗaure a rana ba inuwa ba ruwa zai iya mutuwa kafin la'asar. A ware masa kaskon ruwa da na abinci nasa na kansa, a wanke su daban da kwanonin gida.

Tsutsa, kaska da ƙuma

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsa. Akwai wata doguwar farar tsutsa da 'ya'yanta ke kwance a jikin uwa, da ta ɗauki ciki sai su farka su bi ta mabiyiya su shiga jariran. Wata ƙaramar kuma ta nono take bi, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini, ita ce ke sa dasashi fari. Ana ba da maganin tsutsa a mako na 2, na 4, na 6 da na 8, sannan duk wata har wata 6, bayan nan duk wata uku, gwargwadon nauyin karen kamar yadda malamin dabbobi ya auna.

Wannan ya shafi ƙannenku masu rarrafe. Ƙwan doguwar tsutsar yana fita cikin kashi, amma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya kama wani. In yaro ya yi wasa da wannan ƙasa ya kai hannu baki, tsutsar na iya yawo a jikinsa ta kai hanta, wani lokaci har ido. Kun ga hikimar lissafin: wanda ke kwashe kashin karensa kullum ya binne shi ya katse zagayen tun ƙwan bai nuna ba. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kare, kuma kada a bari ya lashi fuskar yaro.

Kaskar kare tana maƙalewa a kunne da tsakanin yatsu, tana sa zazzaɓin da ke fasa jini. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a tsagar bango, shi ya sa wanke kare kaɗai ba ya raba shi da ita sai an gyara makwancinsa. A cire ta daga gindi a hankali, a jefa a kananzir, kada a murje ta da yatsa. Baƙin mai da fiya-fiya da maganin wankan shanu ba a shafa su a jikin kwikwiyo. Da damina kuma akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji mai rami a tsakiya. Busasshen makwanci shi ne kariya.

Horo: ƙofar da ke buɗe na ɗan lokaci

Hausawa na cewa ba a kiwon kare ranar farauta. Kimiyya ta sa wa wannan magana lokaci. A wata cibiyar bincike da ke Bar Harbor a Amurka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru suna nazarin girman 'yan karnuka, suka buga sakamakon a 1965. Aikin wannan cibiya ya nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa wajen mako 12 ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar abin da ya gani a matsayin na gida. Wanda ya kai mako 14 bai saba da hannun mutum ba, da wuya ya daina tsoron mutane. Ku lissafa: in ka ɗauko shi yana da mako 8, wata ɗaya kacal ya rage maka. A cikin wannan wata ya kamata ya ga kaji da awaki da jaki, ya ji ƙarar babur, ya saba da yara da tsofaffi da mai rawani da mai hijabi, duk cikin natsuwa, a tsakar gida da ƙofar gida. Karen da ya taso tare da kaji ba kasafai yake cin kazar maƙwabci ba, kuma kun san rigimar da kaza ɗaya ke haddasawa a unguwa.

Masanin Rasha Ivan Pavlov, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904 kan aikinsa na narkewar abinci, ya lura karnukansa na zubar da yawu da sun ji alamar da ta saba zuwa kafin abinci. Kare yana haɗa abu biyu ne idan sun zo a jere, kusa da kusa. Ka kira sunansa, ya zo, ka ba shi loma nan take: ya koyi cewa zuwa alheri ne. Ka kira shi, ya zo, ka doke shi kan takalmin da ya tauna da safe: ya koyi cewa zuwa wurinka azaba ce, bai san zancen takalmi ba. Taunar ma tana da dalili. Daga wata 3 zuwa 7 haƙoran nono ke zuba, na dindindin guda 42 su fito, dasashi na yi masa ƙaiƙayi. A ba shi abin taunawa, a ɗauke takalma. Don koya masa wurin ba-haya, a kai shi wuri ɗaya da ya tashi daga barci da kuma bayan cin abinci. Barcin nan yana da yawa, kusan awa 18 a rana, a bar shi ya yi.

Ina so in ja kunnenku kan abin da wasu ke yi wai don kare ya yi zafi: ɗaure shi da gajeriyar sarƙa dare da rana, hana shi abinci, zuba masa barkono, yanke masa kunne da reza. Wannan zalunci ne, kuma ba ya samar da mai gadi. Matsoraci yake samarwa, shi kuwa matsoracin kare ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci. Gadi halinsa ne na gado, yana zuwa da kansa idan ya girma ya san gidansa. Da rana a killace shi a inuwa inda zai iya motsi, kada a sake shi ya bi titin Katsina inda tireloli ke wucewa ba dare ba rana.

Allurar riga-kafi da haukan kare

Mu koma kan garkuwar dakashi. Muddin tana da ƙarfi a jini, tana kashe allurar riga-kafi kafin jikin kwikwiyo ya koyi komai daga gare ta. In ta ƙare kuma ba a yi allura ba, ya zauna ba kariya. Ba wanda ya san ranar ƙarewarta a jikin kowane kwikwiyo, don haka ake maimaita allurar: a mako 6 zuwa 8, a mako 10 zuwa 12, sannan a mako 14 zuwa 16. Allura ɗaya ba ta isa ba. Waɗannan allurai suna kare shi daga cututtuka irin su fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, mai sa amai da zawon jini mai ɗoyi, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma na zama a ƙasa watanni. Sai distamfa, mai majina da tari da karkarwa. Kafin allurai su cika, kada a kai shi bola ko mayanka ko cikin karnukan titi.

Allurar da ta fi duka muhimmanci ita ce ta haukan kare, domin ran mutum take karewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare suke kamuwa, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inku. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Idan ta shiga ta cizo ko yaƙushi, ba ta jini take bi ba, jijiyoyin saƙo take bi a hankali har ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, tana iya zama mako ɗaya, tana iya kai shekara. Cizo a fuska ko wuya ya fi saurin kaiwa, kuma nan ne kare ke samun ƙaramin yaro. Da alamu sun bayyana, tsoron ruwa da ruɗewa da shaƙewar maƙogwaro, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana ana iya tare ta gaba ɗaya. Louis Pasteur ne ya fara nuna haka a Faransa, ranar 6 ga Yuli, 1885, da ya yi wa Joseph Meister, yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, allura ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya duk shekara.

Ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, sai mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale ya sa hannu a bakinsa. Kada ku yi haka. Kwikwiyo ma yana kamuwa, don haka wanda aka tsinta a hanya ba a san uwarsa ba, ba abin wasan yara ba ne.

In kare ya ciji wani, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. Ƙwayar tana lulluɓe da fatar maiƙo, sabulu kuwa maiƙo yake narkarwa. Kada a ɗaure ciwon, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar, a fara allura, a kuma cika ta kashi-kashi yadda likita ya tsara. Karen a killace shi kwana 10 ana lura, domin wanda cutar ta kai yawunsa yakan mutu cikin wannan lokaci, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara yi wa mutum allura.

Shi kwikwiyo ana yi masa allurar haukan kare idan ya cika wata 3, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana ƙera wannan allura a nan Najeriya. Sanyi take buƙata, don haka wadda ta wuni a rana kan tebur a kasuwa ba abin dogaro ba ce. A je wurin likitan dabbobi na gwamnati ko mai lasisi, a karɓi katin shaida a adana. Masana sun lissafa cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Karenka ɗaya ne daga cikin goman nan. A lokacin allurar ne kuma za ku tambayi likita batun fiɗiya, domin karya na iya ɗaukar ciki tun tana da wata 6 zuwa 12, kuma 'yan kwikwiyon da aka rasa mai ɗauka su ne gobe karnukan bola da ba a yi wa allura ba.

Aikin gida: kowa ya ƙirga karnukan da ke layinsu, ya tambayi masu su cikin ladabi nawa ne aka yi wa allurar haukan kare a bana, ya kawo lissafin mako mai zuwa mu fitar da kason cikin ɗari. Wanda ke da kwikwiyon da ya kai wata 3, ya gaya wa Baba yau a kai shi wurin likitan dabbobi. Kuma ina roƙonku, duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da karen gidanku ne, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba, kada tsoron faɗa ya sa ya ɓoye. Ya wanke da sabulu, ya sanar da Inna ko Baba a wannan sa'ar.